Yadda Muka Je Suna Katsina Ta Hanyar Legas

Laraba, daga gida zuwa Kano

Tun kafin kiran assalatu na rataya jakata na nufi gidan Baffa. Na same shi zaune a zaure, ya riga ya yi alwala, ya sa farar babbar rigarsa ta Idi, sanda a hannu, buta a gefe. Baffa Malam Isyaku yayan mahaifina ne, kuma shi ya koya wa rabin ƙauyenmu karatu, har da ni. Ni sunana Habibu, ina koyarwa a firamaren garinmu da ke gabas da Ɗanbatta.

Abin da ya tashe mu shi ne haihuwa. Jikan Baffa, Mukhtari, yana aiki a Katsina, kuma matarsa ta sauka lafiya, namiji, tattaɓa-kunnen Baffa na farko. Suna ya kama ranar Alhamis. Mukhtari ya bar wa kakansa zaɓen suna. Baffa ya ce ya zaɓa, amma ba wanda zai ji sai ya ga fuskar yaron da idonsa, don shi a ganinsa raɗa suna ta waya wasa ne da al'amari.

Daga garinmu zuwa Katsina ba wata tafiya ba ce. In ka karya kumallo ka shiga mota, a can za ka yi Azahar. Amma Mukhtari ya kafe cewa bayan Baffa ba zai ɗauki gargadar hanya ba, kuma ga wani sabon kamfanin jiragen sama ya fito da tikiti mai arha, don haka kakansa a jirgi zai zo kowa ya gani. Baffa ya ce to, da sharaɗin ni zan raka shi. Aka turo mini tikitin a waya. Na ga Kano a sama, Katsina a ƙasa, Legas a tsakiya. Na ɗauka adireshin ofishin kamfanin ne.

Mun yi Asuba a tashar Ɗanbatta. Matan gidan Baffa da sauran dangi suka cika wata bas suka yi arewa, suna ɗaga mana hannu cikin girmamawa, mu masu jirgi. Mu kuma muka shiga ƙaramar mota muka yi kudu. Damina ta yi kyau, gero ya kai kafaɗa dama da hagu, gyaɗa ta rufe ƙasa. Baffa ya yi ta duban gonakin har muka yi nisa, sannan ya tambaye ni a hankali ko na lura mun ba Katsina baya. Na ce ai haka jirgi yake, sai an je inda yake.

A wani shinge kafin mu shiga gari wani jami'i ya leƙo, ya gaida Baffa da ladabi, ya tambaye shi ina ya nufa. Baffa ya ce Katsina. Jami'in ya juya kan direbanmu da faɗa, wai bai ji tsoron Allah ba zai cuci dattijo. Sai da na fito da waya na nuna masa tikiti ya bar mu muka wuce, shi ma yana kaɗa kai.

Filin jirgin Kano

Rabon Baffa da filin jirgi tun aikin hajjinsa, ni kuwa ban taɓa shiga ba. Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne cika. Da can mutum ba ya zuwa nan sai in alhaji zai raka ko zai taro. Yanzu ga 'yan makaranta da jakunkunan goyo, ga mata 'yan kasuwa da ƙunshin atamfa, har na hango wani mai sayen albasa da na sani daga wajen Watari, yana cin gyaɗa a layi kamar mai jiran bas.

A wurin bincike aka sa na zubar da ruwan butar. Sanda kuwa aka ce ba za ta shiga tare da mu ba, sai cikin kaya. Aka auna ta a sikeli, aka liƙa mata takarda mai ɗauke da sunan Katsina, aka kwantar da ita kusa da jakarmu, bel ya tafi da su. Baffa ya bi ta da kallo har ta shige wani rami, sannan ya dafa kafaɗata. A haka muka yi sauran tafiyar, ni ne sanda.

A wurin auna kayan ne na tambayi yarinyar da ke buga takardu maganar Legas ɗin nan. Ta ce ba adireshi ba ne, can za mu. Duk jiragen kamfaninsu a Legas suke kwana, daga can suke watsuwa, can kuma suke komawa. Babu wanda ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Katsina. Na ce mata Katsinar ga ta nan kusa. Ta ce ta sani, ita ma 'yar can ce.

Na waiwaya na ga Baffa yana jan carbi hankali kwance. Tun ina yaro nake shakkarsa, kuma har na girma bai taɓa ce mini na kyauta a kan komai ba. Na ce a raina bari dai mu hau tukuna.

Jirgin da aka ce zai tashi da hantsi bai zo ba sai da rana ta take. Da muka shiga, kujerata tana can baya, ta Baffa a gaba, don zama kusa da ɗan'uwanka ma sai an biya daban. Wata baiwar Allah ta tausaya ta yi musaya da ni. Baffa ya gyara zama yana jiran a kawo abinci kamar yadda aka yi musu a jirgin alhazai. Keken abinci ya zo, sai ga shi ruwa ma sayarwa ake yi. Ya zura hannu aljihu ya ciro dabino, ya ba ni biyu.

Mun daɗe a sama fiye da yadda ya yi tsammani. Ya yi gyangyaɗi ya farka, ƙasa ta koma kore shar, dazuka ba iyaka. Da jirgi ya fara sauka sai ga ruwa shimfiɗe har ƙarshen gani, da manyan jiragen ruwa a kansa. Baffa ya daɗe da goshinsa a jikin tagar.

"Habibu," ya ce, "yaushe Katsina ta samu teku?"

Nan na faɗa masa gaskiya. Na yi zaton zai yi faɗa. Bai yi ba. Ya ce dai ashe yana da rabon ganin Ikko, wato Legas, kafin ya mutu, ya ci gaba da jan carbinsa, amma da sauri fiye da ɗazu.

Legas

Da jirgi ya tsaya na tambayi wata ma'aikaciya mai jin Hausa inda za mu sami na Katsina. Ta yi murmushi ta ce ai wannan ɗin ne, da zarar an share shi an sha mai zai juya. Baffa ya ce alhamdulillahi, to mu sai mu zauna mu jira. Ta ce ba a haka. Dole kowa ya sauka, ya fita waje, ya sake bin layi ya karɓi sabuwar takardar shiga, a sake bincikensa, sannan ya dawo. Baffa ya nuna mata kujerar, ya ce nan fa zai dawo ya zauna. Ta ce ƙila ma ita ɗin za a ba shi, amma sai ya fita.

Muka fita. Tafiyar da ke tsakanin ƙofar fita da ƙofar shiga ta fi ta gidanmu zuwa kasuwa, ga Baffa ba sanda. Layin kuwa ya nannaɗe kamar igiya, masu zuwa gabas da yamma da arewa duk a cikinsa, don kowa sai ya biyo ta nan. Ko da muka isa gaba, saurayin da ke kanta ya duba na'urarsa ya ce an rufe shiga. Na ce jirginsu ne ya kawo mu a makare. Ya ce haka ne, amma shi jirgin ya zo a kan lokacin tashinsa, mu ne muka makara. Na maimaita maganar a raina da Turanci da Hausa, ban gane ta ba ta kowane ɓangare.

Ta cikin gilashi muka ga jirginmu ya ja da baya, ya miƙe, ya ɗaga. Na gaba sai gobe.

Bayan La'asar Mukhtari ya kira. Ya je filin jirgin Katsina da abokansa a motoci uku don taryar kakansa. Fasinjoji suka fito suka ƙare. Can sai ga jakarmu a kan bel, sandar Baffa na biye da ita. Ya ce da ya ga sandar ita kaɗai sai da gabansa ya faɗi, ya zaci wani abu ya samu tsohon. Mata 'yan bas kuwa tuni sun isa, sun ci abinci, har sun yi barcin rana.

Baffa ya tuna yana da tsohon ɗalibi a Agege, Alhaji Tasi'u, mai sayar da goro. Na nemo lambarsa a wajen mutanen gida. Kafin Magariba ya iso da kansa, ya durƙusa a tsakiyar jama'a ya gaida malaminsa, har da ƙwalla. Ya sauke mu a ɗakinsa, ya ba mu riguna, iyalinsa suka tuƙa tuwon masara da miyar kuka don kada cikin Baffa ya yi baƙunta.

Muna ci Baffa ya nemi a bayyana masa hikimar kai mutum kudu don a kai shi arewa. Alhaji Tasi'u ya ce Malam ya ɗauka kamar kasuwar Dawanau ce. Manomi a Ɗanbatta ya sayar da gyaɗarsa, a loda ta zuwa Dawanau, wani ɗan kasuwa ya saye ta a can ya dawo da ita Kazaure, ta wuce ta ƙofar gonar da aka noma ta. Tara kaya wuri guda shi ke sa mota ta cika, cikar mota kuma ke kawo arha. Baffa ya ce ya gane sarai, illa dai ita gyaɗa ba a jiran ta a wurin suna.

Alhamis, a sama

Da sassafe Alhaji Tasi'u ya mai da mu filin jirgi, ya aro wa Baffa wata sandar, aka hana shiga da ita a ƙofa, ya koma da abarsa. A Katsina mutane sun taru tun bayan Asuba kamar yadda aka saba. Mukhtari ya ba su haƙuri, aka ɗage zuwa hantsi. Da jirginmu ya sake makara aka ɗage zuwa Azahar. Rago na ɗaure, wanzami na zaune, an raba goro an cinye, yaro ba suna.

A ƙarshe muka tashi. Na ga ƙasa tana sauya kama, daji ya ragu, jar ƙasa ta dawo, hankalina ya fara kwanciya. Sai jirgi ya soma rawa. Ta taga muka hango hadari baƙi ƙirin ya tokare gabanmu. Muka yi ta kewaye, masu salati na yi, masu kiran Yesu na yi. Can matuƙin ya yi magana ta lasifika, ya ce ba za a iya sauka Katsina ba, za mu juya mu jira a filin da ya fi kusa.

Da muka fito daga gajimare Baffa ya taɓa ni ya nuna ƙasa. Wani ruwa ne ke walƙiya a tsakiyar gonaki, ya ce in ba idonsa ke yaudararsa ba wannan dam ɗin Watari ne. Daga nan gonaki suka jeru manne da juna ba ko tazara, ƙauye na kallon ƙauye, kukoki da ɗorawa tsaye a tsakani. Ƙasarmu ce. Jim kaɗan tayoyi suka taɓa ƙasa a Kano, daidai wurin da muka tashi jiya.

Kano, ƙofa a rufe

Na miƙe da murna, don daga nan mota kawai za mu nema. Ma'aikaciyar nan mai jin Hausa, ita ce dai ta jiya, ta ce in zauna. Ba a buɗe ƙofa. A takarda wannan jirgi ba ya Kano, yana hanyar Katsina, don haka ba a tanadar masa matakala ba, kuma ba wanda zai sa hannu a ce fasinjan Katsina ya sauka a wani gari. In hadari ya wuce da wuri za mu ƙarasa. In bai wuce ba, jirgi zai koma Legas ya kwana, da mu a ciki.

Zafi ya fara dama mutane. Lokacin Azahar ya shiga, muna jin kiran salla daga unguwannin da ke bayan katanga. Baffa ya juya wajen wani Alhaji mai ƙiba da ke gefenmu, ya ce shi dai ya karanta hukuncin matafiyi da na mazauni, amma bai taɓa cin karo da hukuncin wanda ya iso gari aka ce masa ba ya nan ba.

Sai wayata ta yi ƙara. Mukhtari ne, muryarsa ta dushe. Ya ce hadarin ya iso kansu, iska na ɗaga rumfa, mutane sun fara zamewa. Liman ya ce ba zai wuce Azahar ba. Mai jego tana ɗaki tana kuka, danginta na cewa wane irin gida ne wannan da za a bar jariri ya wuce kwanan suna. Ya ce shi bai san abin da zai yi ba, don shi ya jawo, kuma ba zai sa wa yaron wani suna ba bayan ya ba kakansa alkawari.

Baffa yana jin komai. Sannan ya tambaye ni ko wayar nan tana nuna fuska. Na ce tana yi.

"Ce masa ya kawo yaron."

Hoton ya zo yana yankewa. Aka ɗaga wani ɗan mitsitsin mutum cikin farin zane, ido a rufe, baki na motsi. Baffa ya matso da fuskarsa har hancinsa na taɓa gilashin, ya daɗe yana kallo. Sai ya kama bayan kujera ya miƙe tsaye a tsakiyar hanya, ya ce in riƙe wayar sosai. A can Katsina aka kara tasu a lasifika.

Ma'aikaciyar ta taho za ta zaunar da shi, ta ji ya fara salati, sai ta tsaya. Ta juya ta ɗaga wa mutane hannu su yi shiru. Baffa ya yi Fatiha da muryar nan tasa da ke cika zaure, waɗanda suka iya suka bi shi. Sannan ya ce:

"Mun raɗa wa yaro suna Muhammadu Habibu. Allah ya raya shi, ya sa mahaddaci ne, ya ba shi haƙurin mai sunan."

Amin ɗin da aka yi a cikin jirgin nan sai da ta fi ta Katsina ƙarfi. Wata Hajiya a baya ta rangaɗa guɗa. Baffa ya juye sauran dabinon aljihunsa a hannun ma'aikaciyar, ta bi kujera kujera tana gutsura wa mutane. Wani mutumin kudu da bai ji ko kalma ɗaya ba ya miƙo hannu ya gaisa da ni da hannu biyu.

Na daɗe da aure, Allah bai ba mu haihuwa ba, kuma a duk zuri'armu ba a taɓa yi mini takwara ba. Ban taɓa faɗa wa kowa abin yana damuna ba. Mukhtari yana ta cewa, Baba Habibu, daidaita wayar, hoton na rawa.

Bayan nan mutanen jirgin suka zama kamar 'yan gida ɗaya. Alhajin nan mai ƙiba ya miƙe ya ce ba wanda zai mai da wannan dattijo Legas yana raye, wasu suka mara masa baya, har mutumin kudun. Matuƙin ya fito da kansa, ya dubi Baffa, ya koma ya yi ta magana a rediyonsa. Wajen La'asar muka ga ana turo matakala daga nesa, mutum biyu na tura ta a hankali kamar ba sa so.

Katsina, a mota

Daga filin jirgi a-daidaita-sahu ya kai mu tashar motocin Katsina. Ɗan kamasho ya ba Baffa gidan gaba ba tare da an roƙe shi ba. Muka bi ta Bichi da Tsanyawa, ruwa ya tare mu a hanya, direba ya rage gudu. Da aka tsaya shan mai na zagayo tagar Baffa na tambaye shi, cikin jin nauyi, ko wahalar da muka sha ce ta sa ya sauya sunan da ya zaɓa.

Ya ce bai sauya komai ba. Tun ranar da aka yi haihuwar ya zaɓa, shi ya sa ya ce ni zan raka shi, yana so a faɗa ina tsaye a wurin. Sai ya ce in sayo masa ruwa, ya ja gilashin.

Mun isa bayan Magariba. An yanka rago, an yi aski, an watse, saura 'yan gida. Mukhtari ya durƙusa zai fara ba da haƙuri, Baffa ya ce ya tashi ya kawo masa sandarsa da yaron. Ya karɓi jaririn ya tofa masa addu'a, ya shafa kansa, sannan ya miƙo mini. Bai fi nauyin ƙwaryar fura ba. Ya buɗe ido ɗaya ya dube ni ya mayar ya rufe.

Juma'a, gida

Da safe Mukhtari ya tuna mana cewa tikitinmu na zuwa da dawowa ne, jirgin Legas zai tashi da rana, daga can a kawo mu Kano. Baffa ya ce kawai a kira masa mai babur zuwa tasha. Muka biyo ta Daura da Kazaure, muka sauka Ɗanbatta, har muka samu sahun gaba a masallacin Juma'a.

Labari ya riga mu isowa gida. Matata Hajara ta tare ni a tsakar gida, ta karɓi jakata. Na shiga ɗaki na tarar ta baje 'yan kananan riguna a kan gado, waɗanda ta ɗinka tun shekarun farko na aurenmu ta ajiye a ƙasan akwati. Ta wanke su, ta goge. Ta ce in duba mata wanne zai yi wa takwara yanzu, wanne sai ya ƙara girma, don jibi take so mu kai masa.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Alhaji Tasi'u da iyalinsa, da yarinyar da ta raba dabino, da duk wanda ya ce amin a jirgin nan, ko da bai san abin da ake roƙa ba. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya raya mana Habibu.